Ziyarar Ilimi da Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Gobir: Sabon Birni da Isa

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci yawon buɗe ido, abin da yakan fara zuwa a zukatan mafi yawan ɗalibai shi ne garuruwan bakin teku irin su Legas da Badagiri da Kalaba, inda baƙi kan je su sha iska, su shiga jiragen ruwa, su kuma kalli gine-ginen tarihi. Wannan tunani ya sa wasu ke ɗaukar cewa yankin da ba shi da teku ba shi da abin nuna wa baƙo. Alhali kuwa kowace ƙasa tana da abubuwan da Allah ya huwace mata, da kuma waɗanda mutanenta suka gada daga magabata. Wannan babi zai dubi ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, waɗanda ke gabashin Jihar Sakkwato, a tsohuwar ƙasar Gobir, domin fito da wuraren da suka cancanci a ziyarta, da wasanni da sana'o'in da ake gudanarwa a fili, da kuma yadda malamin Hausa zai yi amfani da su wajen koyarwa. Haka kuma, za a yi bayanin matsalar tsaro da ta addabi yankin, domin kuwa malamin da zai fita da 'ya'yan jama'a daga harabar makaranta amana ce babba ya ɗauka.

2.0 Ma'anar Yawon Buɗe Ido da Ziyarar Ilimi

Yawon buɗe ido shi ne mutum ya bar inda yake zaune na ɗan wani lokaci, ya tafi wani wuri don ya ga abin da bai saba gani ba, ya huta, ko ya ƙaru da sani, ba don neman kuɗi ko ƙaura ba. Wannan ya bambanta shi da fatauci da cin rani da gudun hijira, waɗanda dukkansu tafiye-tafiye ne da Bahaushe ya daɗe da saninsu, amma buƙata ko tilas ke haifar da su.

Ita kuwa ziyarar ilimi, wani reshe ne na yawon buɗe ido wanda makaranta ke shiryawa, malami ya jagoranta, da nufin cim ma wata manufa da ke cikin manhaja. Ke nan, abubuwa uku ne suka keɓanta ta: akwai manufa da aka rubuta tun kafin a tashi, akwai aikin da aka ba kowane ɗalibi ya yi a wurin, sannan akwai bita da auna fahimta bayan an dawo. Duk fitar da ta rasa waɗannan abubuwa uku ta zama shaƙatawa kawai. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma ganin da ba a shirya masa ba yakan bar ɗalibi da labarin mota da abincin da aka ci a hanya.

3.0 Yanayin Ƙasar

Sabon Birni da Isa suna daga cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato. Sabon Birni ta yi iyaka da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ita kuwa Isa ta yi iyaka da Shinkafi ta Jihar Zamfara. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jigawa da faƙo, wadda gulabe suka ratsa. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna gangarowa daga kudu maso gabas, su haɗu a wannan shiyya, su zama Gulbin Rima. Shi kuma Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake shigowa Nijeriya ya zuba cikin Rima a ƙasar Sabon Birni. Daga nan Rima ya karkata ya nufi Goronyo da Wurno, har ya haɗu da Gulbin Sakkwato a kusa da birnin Sakkwato.

Waɗannan gulabe su ne rayuwar yankin. Da damina sukan cika su malala, su bar laka mai albarka a fadamu. Da rani kuma yawancinsu kan janye, su bar yashi da guraben ruwa da tafukka. A kan tudu ana noma gero da dawa da wake, a fadama kuwa ana noma shinkafa da albasa da tumatir da tattasai da sauran kayan lambu. Daga cikin itatuwan da mai ziyara zai riƙa gani akwai gawo da aduwa da goruba da kuka da magarya da bagaruwa da tsamiya.

Sanin lokutan shekara wajibi ne ga mai shirya ziyara. Damina kan kama daga Yuni zuwa Satumba, kuma a lokacin hanyoyin ƙauyuka kan yanke. Bazara, wato daga Maris zuwa Mayu, lokaci ne na tsananin zafi wanda kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, don haka bai dace a yi doguwar tafiya da yara a ƙasa ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar hunturu, wato Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da aka kawar da amfanin gona, ƙasa ta buɗe, hanyoyi suka bushe, kuma ake gudanar da yawancin wasannin gargajiya.

4.0 Wuraren Tarihi

4.1 Kufan Alƙalawa

Alƙalawa, wadda kufanta ke bakin Gulbin Rima a Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, ita ce mafi muhimmancin wurin tarihi a yankin. Gobirawa ba su fara zama a nan ba. Tarihin baka ya nuna sun gangaro ne daga ƙasar Azbin, suka yi zama a wurare daban-daban, ciki har da Birnin Lalle da ke Nijar a yau. A tsakiyar ƙarni na 18, Sarkin Gobir Babari ya rinjayi Zamfarawa, ya ci birninsu, ya mayar da Alƙalawa babban birnin Gobir. Ana danganta sunan garin da alƙalin Zamfara, wanda aka ce a wurinsa Gobirawa suka fara sauka.

A wannan birni ne Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, kuma a zamaninsa Gobir ta kai ƙololuwar ƙarfinta. Shi ne wanda ya tara malaman ƙasarsa a filin idi na Magami a wajajen 1788, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓar kyautar dukiya, ya nemi a maimakonta a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bayan Bawa aka yi Yakuba, sai Nafata, sai Yunfa. A zamanin Yunfa ne dangantaka ta lalace, Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka gwabza yaƙin Tafkin Kwatto a watan Yuni na shekarar. A ƙarshen 1804 kuma aka yi yaƙin Tsuntsuwa a kusa da Alƙalawa, inda jama'ar Shehu suka yi babbar hasara, har da mahaddata Alƙur'ani masu yawa. Birnin bai faɗi ba sai a watan Oktoba na 1808, a hannun rundunar da Muhammadu Bello ya jagoranta, kuma a nan aka kashe Yunfa.

Abin da mai ziyara zai lura da shi a irin wannan kufai shi ne alamun ganuwa da suka zama tudu, da jujin tsofaffin gidaje, da fasassun tukwane, da makabartu. Ga wanda bai san labari ba, fili ne kawai da gonaki. Aikin malami shi ne ya sa ɗalibai su tambayi kansu: me ya sa aka kafa birni a bakin gulbi? Ina aka samo ƙasar da aka yi ganuwa? Yaya fadama ta ciyar da birni mai dawaki da mayaƙa? Da irin waɗannan tambayoyi ne kufai ke zama aji.

4.2 Garin Sabon Birni

Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo ƙarshen sarautar Gobir ba. Gobirawa sun ci gaba da fafatawa da Daular Sakkwato har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali. Bayan haka ne suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya saɓani ya shiga tsakanin 'ya'yan sarauta, sai Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri bayan tsakiyar ƙarni na 19, ya dawo kusa da kufan Alƙalawa ya kafa sabon gari da yardar Sakkwato. Wannan shi ne asalin sunan Sabon Birni.

Da Turawa suka zo, yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 sun raba ƙasar Gobir gida biyu: Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni kuma hannun Ingila. Sai dai iyakar ba ta raba zumunci da auratayya da cinikayya ba. A fadar Sarkin Gobir ɗalibai za su iya nazarin sunayen sarautu da tsarin gaisuwa da kiɗan fada, su kuma nemi bayani a kan sarautar Inna, wadda mace ce daga gidan sarauta ke riƙe ta, kuma take da babban matsayi a tsarin mulkin Gobir na gargajiya. Haka nan za su ga tsagar Gobirci a fuskokin dattawa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, al'adar da take ja da baya a tsakanin masu tasowa.

4.3 Garin Isa

Isa tana kusa da Gulbin Bunsuru, kuma ta bunƙasa ne a matsayin ɗaya daga cikin garuruwan ribaɗi da Daular Sakkwato ta ƙarfafa domin tsare iyakarta ta gabas. Sarautarta tana hannun zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma mai riƙe da ita ana kiransa Sarkin Gobir na Isa. Wato dai a tazara kaɗan akwai gidajen sarauta biyu masu amsa sunan Sarkin Gobir, ɗaya na asalin Gobirawa, ɗaya na zuriyar masu jihadi. Wannan kaɗai ya isa darasi a kan yadda sunayen sarautu ke adana tarihi.

Ga ɗalibin adabin Hausa, Isa tana da wata daraja ta musamman, domin a fadarta ne Makaɗa Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, ya yi wa Sarkin Gobir Amadu waƙoƙin da har yau ake nazarinsu a kwalejoji da jami'o'i, ciki har da Bakandamiya. Ɗalibin da ya ga fadar, ya ga gulbin da fadamun, ya ji yadda mutanen wurin ke furta kalmomi, zai fi fahimtar sunayen garuruwa da na bayin sarki da siffantawar da ke cikin waƙoƙin fiye da wanda ya tsaya ga takarda kaɗai.

4.4 Dajin Gundumi

Tsakanin ƙasar Isa da ta Wurno akwai Dajin Gundumi, wanda ya shahara tun ƙarni na 19 a kan ƙarancin ruwa da hatsarin mahara. Matafiyin nan ɗan Birtaniya, Kilafaton, ya ratsa shi a 1824 a hanyarsa ta zuwa wurin Muhammadu Bello, haka ma Bajamushen nan Barth a 1853, kuma dukkansu sun rubuta irin wahalar ƙishirwa da doguwar tafiya ba hutawa da ayari ke sha a cikinsa. A yau daji ne da masu ɗauke da makamai ke fakewa a ciki, saboda haka wuri ne da za a koyar a kan taswira, ba wurin kai ɗalibai ba.

5.0 Gulabe, Fadamu da Ayyukan Fili

5.1 Su da Sha'anin Ruwa

Abin da teku yake ga mutanen kudu, shi gulbi da tafki suke ga mutanen wannan yanki. Sarkawa su ne ma'abota ruwa, kuma suna da shugabansu, wato Sarkin Ruwa, wanda ke da ta cewa a kan lokacin da za a shiga wani gurbi. Idan ruwa ya janye da rani, akan yi su na gayya, inda jama'a ke faɗawa gurbi ɗaya da homa da gora. Irin wannan su ne ya bunƙasa a Argungu har ya zama bikin da duniya ta sani, wanda aka fara a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da bil'adama ya gada a 2016. A wurin su ɗalibi zai tattara sunayen kifaye kamar tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da ragon ruwa, da sunayen kayan aiki kamar taru da birgi da mamari da ƙugiya, da kuma kirarin masunta da camfe-camfen da suka shafi ruwa.

5.2 Kallon Tsuntsaye da Noman Rani

Fadamu matattara ce ta tsuntsaye. Akwai balbela da zalɓe da kirinjijiya da ɗinya, akwai kuma shamuwa wadda zuwanta ke yi wa manomi albishir da damina. Da hunturu wasu tsuntsayen kan taso tun daga Turai, su ƙetare Sahara su sauka a irin waɗannan wurare masu ruwa. Fita da sassafe zuwa bakin fadama ba ta buƙatar kuɗi, amma tana ba ɗalibai damar haɗa sunan da suka ji a tatsuniya ko karin magana da ainihin tsuntsun. A nan kuma za su ga yadda ake yin fangali da ban ruwa, su kwatanta jigo na da da injin ban ruwa na yanzu.

Can ƙasa da Sabon Birni, a kan Rima, akwai Madatsar Ruwa ta Goronyo wadda aka kammala a 1984, mai iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Ita ke taimaka wa noman rani da samar da ruwan sha ga birnin Sakkwato. Ambaliyar da aka yi a watan Satumba na 2010, wadda ta cinye garuruwa da gonaki a kwarin Rima, misali ne da malami zai kawo don nuna cewa gulbin da ke ciyarwa shi ne kuma ke yin ɓarna.

5.3 Wasannin Kaka

Bayan an kai amfanin gona gida, matasa kan shiga wasannin nuna ƙarfi da bajinta. Akwai kokawa, wadda ta fi ƙarfi a tsakanin manoma, kuma take haɗa 'yan wasa daga ɓangarorin iyaka biyu. A Nijar ta zama wasan ƙasa, inda tun 1975 ake gasar neman takobi tsakanin jihohi. Akwai dambe, wanda asalinsa na mahauta ne, akwai langa ta samari, da gaɗa ta 'yan mata a dandali, da shaɗi na Fulani, da sukuwar dawaki a lokutan salla. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tafe da kiɗansa da kirarinsa da take, wato rumbu ne na adabin baka. Kasuwannin mako ma wuraren nazari ne, kamar kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis, wadda ta daɗe tana haɗa mutanen Isa da Sabon Birni da fatake daga nesa.

6.0 Amfanin Ziyarar ga Malamin Hausa

Manhajar Hausa ta kasu kashi uku: harshe da adabi da al'ada. Ziyara guda ɗaya, idan an tsara ta da kyau, za ta iya taɓa dukkansu.

Ta fuskar harshe, yankin yana cikin rukunin karin harshen yamma. Ɗalibi zai ji ana cewa "tahi" a maimakon "tafi", da "hwari" a maimakon "fari". Zai ji "munka" da "sunka" inda daidaitacciyar Hausa ke cewa "muka" da "suka", da "yat tahi" a maimakon "ya tafi" a jimlar dogarau. Haka nan "na" da "ta" kan zo a gurbin "ne" da "ce", kuma "ɗiya" kan ɗauki ma'anar "'ya'ya". Wajibi ne malami ya fahimtar da ɗalibai cewa waɗannan ba kurakurai ba ne. Kari ne mai ƙa'idojinsa, kuma da shi aka yi ɗimbin waƙoƙin baka da rubutattu na ƙasar Sakkwato.

Ta fuskar adabi, akwai waƙoƙin fada da na noma da na maza, da tatsuniyoyi da kirari da tarihihi, wato labaran da suka cakuɗa tarihi da ƙagen baka, irin waɗanda ake bayarwa a kan Bawa Jan Gwarzo. Ta fuskar al'ada kuwa, akwai sarautu da sana'o'i da tsaga da gine-gine, da wasan barkwanci irin wanda ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa.

A nan akwai wani nauyi da ya rataya a wuyan malami. Tarihin Alƙalawa tarihi ne na yaƙi, kuma a aji ɗaya za a sami jikokin waɗanda suka yi nasara da jikokin waɗanda aka ci. Littattafan masu jihadi, irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo, sun kawo labarin ta fuskar marubutansu, Gobirawa kuma suna da nasu ruwayoyin na baka. Malami nagari zai gabatar da duka biyun cikin adalci da ladabi, ya kuma nuna cewa a kowane ɓangare na yaƙin an sami Hausawa da Fulani da Azbinawa. Bai halatta ya bari darasi ya zama fagen gori tsakanin yara ba, musamman a wannan lokaci da wasu ke neman mayar da rikicin 'yan bindiga rikicin ƙabilanci.

7.0 Matsalar Tsaro

Ba zai yiwu a yi maganar ziyara a wannan yanki ba tare da faɗin gaskiyar halin da yake ciki ba. Tun daga wajajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a gabashin Sakkwato, har dubban mutane suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane da dama a wasu ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, ciki har da waɗannan biyu, na wani lokaci. A watan Disamba na wannan shekarar aka ƙone matafiya a cikin mota a ƙasar Sabon Birni. A 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa a kan hanya, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agusta. Su ma makarantu ba su tsira ba a arewa maso yamma, kamar yadda aka gani a sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020 da na Jangebe a Fabrairu 2021.

Hukuncin da ya fito daga wannan a bayyane yake. Ba a kai ɗalibai kufai ko daji ko ƙauyen da ke nesa da jami'an tsaro matuƙar hukuma da shugabannin wurin ba su tabbatar da lafiyar hanya ba. Babu wani darasi da ya kai ran yaro guda daraja. Haka kuma, tsallaka iyaka zuwa Tsibiri ko Tafkin Madarunfa yana buƙatar izini da takardu, domin an rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, kafin Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024.

Sai dai barin ziyara ba ya nufin barin darasi. Hatsarin da ke tattare da wannan hali shi ne a tashi yaran da ba su san ƙasarsu da komai ba sai kisa da gudu, kuma dattawan da ke riƙe da tarihin baka su ƙare a wuraren gudun hijira ba a ɗauki abin da ke kansu ba. Don haka malami na iya bin waɗannan hanyoyi:

(a) Gayyato dattijo ko makaɗi ko basarke zuwa makaranta, a yi hira da shi, a ɗauki muryarsa da izininsa.

(b) Amfani da taswira da hotunan tauraron ɗan'adam da ake samu a intanet don bin sawun gulabe da gano mazaunin garuruwa.

(c) Kai ziyara wuraren da ke cikin birnin Sakkwato, kamar Hubbaren Shehu da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, inda aka adana rubuce-rubuce da kayan tarihi.

(d) Sa kowane ɗalibi ya rubuto tarihin garinsu da sunayen unguwanni da gonaki da tafukka daga bakin iyayensa, ba tare da tilasta wa wanda aka raba da gidansu ya faɗi abin da zai tayar masa da hankali ba.

8.0 Matakan Shirya Ziyara

Idan Allah ya kawo zaman lafiya, ko kuma wurin da za a je yana cikin gari, malami zai bi matakai uku.

Kafin tafiya, zai rubuta manufar ziyarar, ya sami izinin shugaban makaranta da na hukumar ilimi, da rubutacciyar yardar iyaye. Zai je wurin da kansa tukuna, ya gaida hakimi ko dagaci, ya nemi wanda zai yi jagora. Zai raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane da aikinsa, ya tanadi ruwan sha da akwatin magani da jerin sunaye. Idan akwai ɗalibai mata, dole a tafi da malama.

A lokacin ziyara, za a tashi da wuri a dawo kafin la'asar. Za a ƙirga ɗalibai a duk inda aka tsaya. Ba a ɗaukar ko da tsingaro daga kufai, ba a taka kabari, ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa. Kada a bar yara su shiga ruwan da ke kwance, saboda cutar tsargiya da hatsarin nutsewa. Kada kuma a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ko wanda babu rigunan kariya a cikinsa, domin kifewar jirage ta sha cin rayuka a gulaben jihar. A kufai da gonaki a yi hattara da macizai da kunamu.

Bayan dawowa, kowane rukuni zai gabatar da rahotonsa a aji cikin daidaitacciyar Hausa, tare da kawo kalmomin kari kamar yadda aka furta su. Za a rubuta wasiƙar godiya ga masu masauki, wadda ita ma darasi ce ta rubutun wasiƙa. Abin da aka tattara kuma a adana shi a ɗakin karatu na makaranta domin amfanin na baya.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar yawon buɗe ido da ziyarar ilimi, an kuma nuna cewa ƙasar Sabon Birni da Isa tana da wuraren tarihi irin su Alƙalawa, da gulabe da fadamu, da wasanni da sana'o'i waɗanda suka shafi kowane sashe na manhajar Hausa. An kuma nuna cewa rashin tsaro ya toshe hanyar zuwa da yawa daga cikin wuraren, kuma kare rayukan ɗalibai shi ne gaba da komai. Abin da ake buƙata ga ɗalibi mai koyon aikin malanta shi ne ya san waɗannan wurare da labarinsu tun yanzu, ya koyar da su da abin da ya sawwaƙa, ya kuma taimaka wajen adana abin da ke bakin dattawa, domin ranar da hanya ta buɗe a sami masu iya nuna wa yara inda ganuwar Alƙalawa ta bi.

Tambayoyin Bita

1. Bambanta yawon buɗe ido da ziyarar ilimi, tare da kawo siffofi uku na ziyarar ilimi.

2. Zana taswirar da ke nuna Gulbin Bunsuru da Gagare da Maraɗi da Rima, ka sanya Isa da Sabon Birni da Goronyo a mazauninsu.

3. Yi bayanin dangantakar tarihi da ke tsakanin Alƙalawa da Tsibiri da Sabon Birni.

4. Kawo misalai biyar na bambancin karin harshen wannan yanki da daidaitacciyar Hausa.

5. A matsayinka na malami a makarantar da ba ta da halin fita da ɗalibai saboda tsaro, tsara darasi na minti 40 a kan Alƙalawa.